Farar Ƙasa a Bangon Madam Rifkatu

Tun a Jibiya aka fara ba ni sadaka. Na sauko daga motar da ta ɗauko mu daga Maraɗi, ina gyara zaman sandata a hammata, sai wani mai babbar riga ya cusa mini kuɗi a aljihun gaba, ko fuskata bai duba ba. Na bi shi da ɗingishina na mayar masa. Na ce, "Alhaji, ni malami ne, aiki na fito nema." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya sauwaƙe," ya wuce abinsa. Har yau ban san me yake roƙon a sauwaƙe mini ba, ƙafar ko bakin.

Sunana Lawali, mutumin Tasawa ne ni, can ƙasar Nijar. Shan inna ya taɓa mini ƙafar hagu tun ban yi wayo ba, ta tsaya siririya kamar karan dawa, ba ta kai ƙasa. Zane na koya a lakwal, wato makarantar boko a bakinmu, daga baya na riƙa rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci. Da injin buga hoto ya shigo gari, aikin hannu ya mutu murus. Shi ya sa na ɗaure akwatin fentina na tsallako Najeriya, don an ce makarantun kuɗi sun yi yawa har ana neman malamai. Abu ɗaya na ƙudura a raina: duk rintsi ba zan miƙa hannu ba. Wanda bai taɓa tafiya da sanda ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Gurgu idan ya bar garinsu, sana'a ɗaya ce take jiransa a kowace tasha, kuma kowa ya riga ya yanke masa ita.

A Katsina na sha yawo makaranta zuwa makaranta. Wani wurin maigadi ne ma yake sallamata tun daga ƙofa, ya ce yau ba ranar rabo ba ce. Waɗanda suka karɓe ni hannu biyu su ne guragun bakin kasuwa, masu keken hannu. Suka ba ni tuwo, suka ba ni tabarma, babbansu ya ce, "Ɗan'uwa, ka daina wahalar da kanka. Gobe mu kai ka wajen sarkinmu ya ba ka wurin zama, akwai wata kwana mai albarka kusa da banki." Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma tun da na baro gida ba wanda ya kira ni ɗan'uwa sai shi. Abin da ya ba ni tsoro ke nan, domin na ji raina ya fara kwanciya da maganar. Da gari ya waye na yi musu godiya na nufi tasha.

A Funtuwa aka raba ni da akwatina. Wani ɗan kamasho mai fara'a ya karɓe shi daga hannuna, ya ce, "Kawo, Malam, kai da kake fama da kanka." Ya shige tsakanin motoci da sauri, ni kuwa ina biye da sanda. Kafin in zagaya bayan wata tirela ya ɓace, da fenti, da burushi, da hotunan aikina da nake nuna wa masu makaranta. Na tsaya tsakiyar tasha na zazzaga masifa da Hausarmu ta Nijar har mutane suka taru, suna dariyar yadda nake magana maimakon su taya ni nema. Ɗan banza ya san ba zan iya bin sa ba, shi ya sa ya zaɓe ni.

Wani mai shayi, mutumin Madarumfa, shi ya zaunar da ni ya haɗa mini ruwan bunu da burodi, ya ƙi karɓar ko sisi. Da ya ji labarina ya ce, "In kana da zuciya ka tafi Birnin Gwari. Malamai masu ƙafa biyu gudowa suke yi saboda mutanen daji. Can ba za a tsaya duba ƙafarka ba." Na ce ko bangon duniya ne zan je.

Hanyar ba ta biyuwa sai motoci sun taru an yi ayari. Muna jira direba ya leƙo ya ga sandata, ya tsuke fuska. Ya ce, "Malam, in aka tare mu kowa ta kansa yake yi, daji ake faɗawa. Kai yaya za ka yi?" Kafin in buɗe baki wata tsohuwa Bagwariya da ke gefena ta ce, "Ƙyale shi, ɗana. Ni ma ba gudun nake iyawa ba, sai mu zauna tare a motar." Ta kwance bakin zaninta ta gutsura mini gasasshiyar doya. Muka shiga dajin ba mai tari. Itatuwa sun rufe hanya hagu da dama, can ka ga gonar da ciyawa ta cinye, can ka ga ƙauye ba hayaƙi ba kaza. Duk ramin da mota ta faɗa sai wani ya yi salati, wani ya kira Yesu. Allah ya tsare, ba mu ga kowa ba. Tsohuwar ta sauka kafin mu shiga gari, ban ma tambayi sunanta ba.

Makarantar da ta ɗauke ni ƙarama ce, a gefen gari, ta wata mata mai suna Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna wadda ta tsufa a Birnin Gwari. Ba ni da takarda ko hoto da zan nuna mata. Na karɓi alli na zana ta a allo tana zaune, da tabaraunta da ya zamo kan hanci. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ka ƙara mini ƙiba." Na ce, "Madam, abin da na gani na zana." Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce za ta gwada ni zango ɗaya, in iyaye ba su yi ƙorafi ba in zauna. Ta ba ni ɗakin ajiyar kujeru a bayan azuzuwa in riƙa kwana.

Kaɗaicin da na sha a ɗakin nan ban taɓa shan irinsa ba. Da an tashi yara wurin sai ya yi tsit, ni da karyayyun benci. Layin waya yakan ɗauke kwana da kwanaki, in rasa jin muryar mahaifiyata. A masallaci ana matsa mini wuri da ladabi, a gaisa da ni da ladabi, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya taɓa cewa in zo mu ci abinci, ni kuma girman kaina bai bar ni na cusa kai ba. Nakan dafa shinkafa a gwangwani in ci ina kallon bango, ina tuna fura da nonon Tasawa.

Mutum ɗaya ce take gaishe ni don kanta. Bayan ɗakina akwai dangar zana ta wani gida, mutanen da suka taso daga wajen Tabanni bayan zama ya gagara a can. Kullum da safe sai in ji murya ta cikin zanar: "Malam, an tashi lafiya? Ya baƙunta?" In amsa, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Na daɗe ban ga mai muryar ba. Wata rana iska ta kwantar da gefen zanar, na hango ta tana tsallaka tsakar gida da hannuwa, ta saka silifa a tafukanta, ƙafafunta na biye da ita a ƙasa. Budurwa ce babba, ta haura ashirin. Sunanta Uwani, yayar wata ɗalibata ce mai suna Talatu. Tun da suka zo garin ba ta taɓa fita ƙofar gida ba.

Ba fenti ba takarda, don haka da abin da ke ƙasa muka fara. Yara suka kwaso takardun buhun siminti da gawayin murhun iyayensu. Darasin farko na ce kowa ya zana mutanen gidansu. Da na zo kan Talatu na ga baba, na ga inna, na ga ƙanne, har da akuya. Na ce, "Ina Uwani?" Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Malam, ai ita ba a nuna ta." Ba da mugunta ta faɗa ba, kamar dai yadda za ta ce ba a shiga masallaci da takalmi.

Abin ya tsaya mini a rai. Washegari na ja tebur gefe, na tsaya a gaban aji da sandata, na nannaɗe ƙafar wandon hagu har gwiwa. Na ce, "Yau ni za ku zana." Kowa ya duƙufa, sai ƙarar gawayi. Na karɓi takardun na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowane yaro ya ba ni ƙafa biyu miƙaƙƙu, masu kauri, wasu har da takalmi sau ciki. Sandar kuwa ba wanda ya zana ta, sai wani da ya mayar da ita bulala.

Na ce, "Wane ne wannan?"

Suka ce, "Kai ne, Malam."

Na ce, "Ƙarya kuke yi. Ni kuka gani haka?"

Wani babba a cikinsu ya miƙe ya ce, "Malam, ai rashin kunya ne mu zana ka yadda kake. Kai babba ne."

Na so in yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Tarbiyya ce suka nuna mini, irin wadda aka koya musu a gida: in ka ga abin da Allah ya rage wa mutum, ka kau da kai. Ni ma haka aka koya mini. Amma ni na san yadda ake ji in kowa ya kau da kai, shekara da shekaru, har ka fara shakkar ko kana wurin. Na zauna a bakin tebur na miƙa ƙafar gabansu. Na ce, "Ku matso. Mai zane ba ya jin kunyar abin da yake kallo. Ku duba inda ta lanƙwashe, ku duba yatsun. Wannan ƙafar da ita na zo tun daga Nijar, ba ta taɓa cin amanata ba. Wanda ya ba ni wata ƙafar, ya zana wani ne, ni kuma ya bar ni a waje." Suka matso a ɗarare. Talatu ce ta fara durƙusawa ta kalla da kyau, har ta tambaye ni ko tana ciwo. Na ce sai lokacin sanyi. Ranar aka zana ni da ƙafata, wasu suka sirantar da ita fiye da kima, muka yi ta dariya tare.

Daga nan na ce kowa ya zano mutumin gidansu da ba a nunawa. Ashe kusan kowane gida akwai shi. Wannan ya kawo kakansa makaho yana saƙar igiya. Wannan ta kawo ƙaninta kurma yana kiwon tantabaru. Wani yaro ɗan ƙauyen Kusasu ya kawo kawunsa da ya dawo daga hannun mutanen daji da hannu ɗaya, ya zana shi yana shuka, yana tona rami da diddige. Talatu ta kawo Uwani da tiren gyaɗa a gabanta da silifa a hannu. Yaran da ba sa magana a aji suka buɗe baki, kowa yana ba da labarin nasa, ana musu kan wanda ya fi iya aiki. Zan iya cewa tun da na fara riƙe burushi ban ji daɗin sana'ata kamar makonnin nan ba.

Madam Rifkatu ta ga takardun, ta ce ɓarna ce a bar su gara ta ci. Ita ta ba mu bangon makaranta na waje, wanda yake kallon hanyar rijiyar burtsatse. Kaka ta yi, ruwa ya ɗauke. Muka jiƙa ƙaro, muka dama shi da jar ƙasa da garin gawayi da bular wanki, muka tattauna bakin ƙirare suka zama burushi. Kowane yaro ya ɗora nasa a bango da girman mutum, ni ina gyara musu layi kawai. Talatu ta sa Uwani a ƙarshen bangon, ta ɗaura mata shuɗin ɗankwali.

Ba a yi mako ba na lura mata sun sauya hanya. Masu jarka suna zagayawa ta bayan kangon wani gida, hanya mai nisa da ƙaya. Wasu in dole ta sa sun bi ta gaban bangon sai su ja mayafi su rufe gefen fuska. Sannan aka kira taron iyaye.

Wata tsohuwar ungozoma ce ta yi magana a madadin mata, a natse, ba hayaniya. Ta ce, "Malam, ba mu ce ka yi da mugun nufi ba. Amma mai ciki ba ta ƙura wa irin wannan ido, abin da ke cikinta yakan ɗauko. Hanyar ruwa ce, safe da yamma sai sun bi. Ka jera musu makaho da gurgu da mai dungu, ina za su sa idonsu?" Musulmi da Kirista duk suka gyaɗa kai. Ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya da sauri haka ba.

Zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na ce, "Iya, shan inna ciwo ne, ba a ɗaukarsa da ido. Ni da nake bin hanyar nan kullum, ni ma shafe ni za a yi?"

Mahaifin Talatu ya ce, "Kai Allah ne ya yi ka, Malam, ba mu da ta cewa. Wannan kuwa da hannu aka yi. Kuma 'yata da na rufa wa asiri, ka fito da ita bakin hanya kowa yana nunawa. Matata tana da ciki. In ta haifo mini wata irinta, kai za ka riƙe?" Na duba fuskarsa na ga ba mugu ba ne, mutum ne da ya rasa gona da gida, yake tsoron ƙarin kaya.

Bayan an watse Madam ta kira ni ofis. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Malam Lawali, ni ban yarda da zancen nan ba, na haifi biyar ina aiki a asibitin mishan. Amma sun ce za su kwashe yaransu, kuma da yaran nan nake biyan ku. Sun ce wanda ya yi shi ya shafe da hannunsa. Ka shafe ka zauna, ko ka ƙi ka tafi. In ka tafi ma sai na sa an shafe." Na tambayi kaina ina zan tafi. Ba akwati, ba kuɗin mota, dajin nan a gaba, a bayansa kuma kwanar bankin Katsina tana jirana. Na ce mata a kawo farar ƙasa.

Ranar Asabar da hantsi, ba makaranta, na ja bokiti na fito. Ina zagayowa sai na ga mutum zaune a ƙasa a gaban bangon. Uwani ce. Ga sawun hannuwanta da jan ƙafafunta a cikin turɓaya tun daga ƙofar gidansu. Ta yi wanka ta shafa mai, gumi yana bin wuyanta. Karo na farko ke nan da muka ga juna ba zana a tsakani.

Ta ce, "Malam, an tashi lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Baba ya san kin fito?"

"Ya tafi kasuwa. Talatu ta ce yau za a shafe, na ce bari in zo in gani." Ta nuna da haɓa. "Wai ni ce wannan?"

"Ke ce."

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ta iya hannuwan. Amma ni ba ni da shuɗin ɗankwali." Ta yi 'yar dariya. "Ban taɓa ganin kaina gaba ɗaya ba, madubinmu fuska kawai yake ɗauka."

Na ajiye bokitin. Na ce, "Uwani, in ban shafe ba za a kore ni."

Ta ce, "Na sani, ai ina jin komai ta zana. Ka shafe, Malam. In ka tafi wa zan gaisar da safe? Sai dai ka faro daga can, ka bar ni ƙarshe."

Na faro daga can. Na shafe makaho da igiyarsa, na shafe kurma da tantabarunsa, na shafe mai hannu ɗaya. Aikin da ya kamata in gama kafin rana ta take, na yi ta jan sa, ina jingina da sanda ina hutawar ƙarya. Hawaye suna zubo mini ina barin su, don hannu ɗaya na kan sanda ɗaya na kan burushi. Da na iso kanta na waiwaya, ta gyaɗa mini kai, na ɗora burushin.

Farar ƙasa in tana da danshi ba ta rufe komai, sai ta bushe take yin fari. Don haka bayan na gama, Uwani tana nan a bango, ana ganin ta ta cikin ruwan kamar ta bayan labule. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na ajiye sanda, muka zuba ido. Rana tana ƙuna, bango yana shan ruwan. Tiren gyaɗar ya fara tafiya, sannan ƙafafun, sannan fuskar. Ɗankwalin ne ya fi daɗewa, bula tana da taurin kai. Ba ta ɗauke ido ba har ya zama fari fat.

Ta zura hannuwanta cikin silifa. Ta ce, "To, na gani. Sai da safe, Malam."

Lokacin ɗibar ruwan azahar ya yi, mata sun fito da jarkoki, sun dawo hanyarsu tunda bango ya yi fari. Na ce ta dakata su wuce, ko in nemo mai baro ya kai ta. Ta ce a'a, ta san hanya. Ta bi tsakiyar hanyar rijiyar da hannuwanta, a hankali, tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa don ba yadda za su yi. Ni kuma na ɗauki bokitin na je na wanke, domin ranar Litinin ina da aji.